Ɗaya Tak a Duniya

Litinin, 2 ga Oktoba

Tun kafin kofi ya tafasa na buɗe shafin kamfanin da ke ba tsofaffin littattafan zane maki na duba ƙidayarsu. Ɗan Sandan Wata, fitowa ta farko, maki tara da ɗigo huɗu: guda ɗaya. Sama da shi: babu. Wato har yanzu littafin zanen da ke ɗakina na ƙasa, a rufe cikin gidansa na roba, shi kaɗai ne a duniya. Sai a lokacin numfashina ya daidaita.

Marcy ta ce wasu mazan in sun farka fuskar matansu suke fara gani, ita nata mijin sai ya fara gaida roba.

Gwanjo ranar biyu ga Disamba. Masu gwanjon sun riga sun rubuta "babu na biyunsa" a ƙarƙashin hoton. In ya sayu yadda Lonnie mai shagon littattafai yake hasashe, gidan nan marar bene da muka gani a Sylvania namu ne, Marcy ta huta da matakala. Yau ma a zaune ta sauko, mataki bayan mataki, saboda gwiwoyin. Na yi kamar ban gani ba.

Laraba, 4 ga Oktoba



Misis Pasternak ta tsallako titi da kwali a hannu. Ita ta tuƙa motar makarantarmu ina yaro, kuma ga ni da furfura amma har gobe "ɗan kujerar baya" take ce min. Wanta Gene ya rasu a Agusta, tana kwashe gidansa.

"Ɗan kujerar baya, duba min tarkacen nan kafin motar shara ta zo. An ce kai ne likitansu."

Yawanci tarkacen ne kuwa. Can ƙasa, tsakanin kwalayen riga biyu, sai ga shi. Ɗan Sandan Wata, fitowa ta farko. Jan bangon kamar jiya aka buga, kusurwoyin kamar za su yanke ka. Nawa yana da ɗan farin tabo kusa da ƙusar ƙasa da ta ɗinke shafukan, ƙanƙane, ni da masu maki kaɗai muka san da shi. Nata ba shi da komai. Na juya shi a hasken taga ina neman aibu, ina roƙon in samu. Babu.

Wai Gene ya yi aiki yana saurayi a wani kantin magani da ke sayar da irin littattafan nan, ya ɗauko ya ajiye bai taɓa buɗewa ba. Kai Gene, me ya hana ka karatu?

Na ce zan duba. Ta ce sai Lahadi.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ƙidaya: ɗaya. Ƙarya ce, biyu ne, na biyun yana cikin aljihun teburina.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Na je shagon Lonnie, na ce a ce wani ne, ba ni ba, aka kawo masa kaza da kaza. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wani, ko? Wendell, fuskarka ta yi fari kamar cikin burodi." Ya rage murya duk da ba kowa a shagon. "Ka sayi kwalin gaba ɗaya, ka ba ta kuɗin abincin dare mai kyau, ka jefa shi a durowa. Wa ya ce ka yi ƙarya? Ba ta tambaye ka maki ba, ko ta tambaya?"

Na ce in ya fito fa?

"In ya fito ya ɗara naka, rabin kuɗinka ya tafi. Masu kuɗin nan ba littafi suke saye ba, 'babu na biyunsa' suke saye."

Na sani. Ni ma abin da na saya ke nan.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na fito da shi da safar hannu. Da babban yatsa kawai, in danna kusa da ƙusa, layi ɗaya siriri, ya sauko ƙasa da nawa har abada. Ba wanda zai sani. Na sa yatsan a wurin, har na ji sanyin takardar.

Na kasa. Ba don ita ba, in faɗi gaskiya. Littafin ne ya yi kyau da yawa.

Na bar abincin dare a faranti. Marcy ta tambaya, na ce yajin jiya ne.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ta zo bayan coci da kwanon pierogi, dafaffen ƙullin fulawa mai cuku a ciki, man shanu har bakin kwano. Muka zauna a kicin mu uku, kwalin a kan tebur, na riga na sa littafin a leda na mayar ciki. Na faɗi maganar da na yini ina haddacewa: ba wani abin a zo a gani, amma zan sayi kwalin duka, don Gene.

Ta yi dariya. "Saye? Riƙe abinka, yaro, kyauta. Ɗaya kawai zan ɗauka in riƙa tunawa da shi." Ta lashe yatsa ta shiga tonawa. Tabbas jan nan ta zaro. "Wannan. In karanta a cikin baho, in ga me ya sa ya ɓoye shi kamar takardar gida."

Ta kama shi da hannun mai, ta fara naɗe shi za ta cusa a aljihun kwat.

Shiru kawai ake so in yi. Ƙiftawar ido ɗaya. Da hannunta za ta yi min aikin, ni ko yatsa ban ɗaga ba.

"Kar ki lanƙwasa!"

Ni ne na yi ihun. Cokalin Marcy ya faɗi. Misis Pasternak ta saki littafin a kan tebur kamar ya ƙone ta. Na duba, bai kai ga karyewa ba, man ma a kan ledar da na sa masa ya tsaya. Daga nan bakina ya ɓalle, na faɗi komai: maki, ƙidaya, gwanjo, abin da zai iya kawo mata. Har maganar yatsa na faɗa, ban san dalili ba.

Ta daɗe tana kallona irin kallon da take yi ta madubin mota. "Dama can ba ka iya ƙarya ba. Kunnuwanka ne ke tona ka, sai su yi ja."

Marcy ta miƙe. Ta wanke kwanon, ta hau bene a zaune, da baya.

Talata, 10 ga Oktoba

Misis Pasternak ta ce in ina so ta jira sai bayan gwanjon Disamba kafin a fitar da nata, ko da yake a shekarunta ba ta cika yin alkawari da Disamba ba. Na kusa cewa to. Sai na tuna mai sayen. Wani ne irina, zai farka wata safiya ya buɗe shafin da kofi a hannu, ya ga abin da nake tsoron gani.

Na shirya shi a kwali da kaina, na kai gidan waya da kaina, zuwa ga masu ba da maki. Wawa.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ɗaya. Wataƙila su ga wani abu da ban gani ba. Ina jin kunyar wannan fatan, amma ina yi.

Asabar, 28 ga Oktoba

Marcy ta yi magana, tana ninke tawul. "Ba haushin gaskiyar nake ji ba, Wendell. Haushina, don takarda ka yi ihu. Shekara nawa ina saukowa da gindi a gidan nan, ko tari ba ka taɓa yi ba."

Na ce ai gidan Sylvania don ita ne. Ta ce ta sani. Ta ci gaba da ninki.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Nata: tara da ɗigo shida.

Nawa: ɗaya. Sama da shi: ɗaya.

Masu gwanjo sun goge kalmomin nan kafin azahar, ko waya ba su yi min ba. Lonnie ya ce in janye ko in sayar, duk ɗaya, gidan dai ba zai fito ba. Misis Pasternak ta yi kuka a waya, tana zagin Gene tana sa masa albarka. Za ta gyara rufinta, kuma ba za ta koma ɗakin ƙasan ɗanta a Dayton ba.

Na zauna a ɗakin littattafai har la'asar. Ɗaki mafi kyau a gidan nan: ba rana, ba danshi, ga banɗaki a gefe, ga kicin taku kaɗan. Ban taɓa lura ba. Ko na lura.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ni da Lonnie mun kwashe kwalayen zuwa sama jiya, mun sauko da gado. Bayana kamar an taka shi da mota. Ba wani abu ba ne, dama na ji kamar bangon ƙasan ya fara tsatsafo, littattafan za su fi lafiya a sama. Haka na faɗa wa Marcy. Ta ce, "Haka ne, tsatsafo," tana kallon kunnuwana.

Sai yanzu da yamma na tuna ban duba ƙidaya ba. Wayar tana sama, kuma wa zai hau matakalar nan da wannan bayan.

Da safe da na buɗe ido, Marcy na fara gani. Bakinta a buɗe, tana minshari. Na daɗe ban tashi ba.