Ta Ina Shanunki Za Su Fita?

Tasawa, Talata, bayan azahar

Zuwa ga Nasiba, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, farar ƙwaryar da ba ta taɓa zama a ƙasa ba, ɗiyar mutunci wadda in ta yi shiru sai duniyata duka ta yi shiru. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, tare da fatan kin tashi lafiya, ke da Baffa da Iya da duk mutanen ruga.

Ni kam ban tashi lafiya ba, ba zan ɓoye miki ba. Yau kwana shida ina kiran wayarki, tana shiga, ba ki ɗauka. Da fari na ce matsalar rezo ce, layin waya, amma wane irin rezo ne zai zaɓi mutum ɗaya ya ƙi shi har kwana shida? Shi ya sa na koma ga alƙalami, zan ba Goggo Maimuna takardar in ta saida nononta za ta koma gida. Ina zaune a buro, wurin aikina, takardun haihuwar ƴaƴan mutane sun taru gabana, ni kuwa kowane lokaci ina bakin taga ina kallon gabas. Hadari ya fara haɗowa, ya masoyiyata. Kowa a garin nan roƙon ruwa yake, ni kaɗai ne, Allah ya yafe mini, nake fatan ya ɗan jinkirta.

Kin tuna ranar da na same ki a rijiyar nan ta hanyar Hawandawaki? Garke ya cika bakin rijiya, ba a jin komi sai ƙarar ƙaho da ta guga. Kika ɗan ɗaga murya kika kira Ɓale, baƙar saniyar da Iya ta ba ki ranar sunanki, sai ga ta ta ratso garken nan duka ta zo ta ɗora hancinta a kafaɗarki. Wallahi ranar na yi kishi da dabba. A nan ne kika gaya mini sharaɗinki, kanki a sunkuye, kina wasa da igiyar guga: za ki zauna duk inda motona mai taya biyu zai iya kai ni aiki Tasawa ya maido ni, in dai za ki farka ki ji kukan shanunki bakwai a bayan ɗaki. Bakina ya riga hankalina, na ce wannan ai abu ne mai sauƙi.

Ki shaida dai ban yi ƙiwuya ba. Cikin gari ban ma tsaya ba, don na san ba za ki iya da bango jikin bango ba, rediyon maƙwabci a kunnenki, kwata a ƙofar gida. Rani guda na yi ina yawo, duk Asabar da Lahadi, har na dace da Garin Gado. Ya hasken zuciyata, da kin gan shi a lokacin! Ɗan tudu ne mai farin rairayi, gawo uku sun yi masa lema, ga rijiya mai ruwan daɗi a gangare, iska tana zuwa ba abin da ya tare ta. Minti ashirin ne zuwa buro, rabin hanyar ma gudron ce, kwalta shimfiɗe. Abin da ya ƙarasa sace ni kuwa, shanu na tarar a kwance ko'ina, sun fi ɗari, suna tuƙa hankali kwance. Na ce to, ga gidan Nasiba Allah ya aje mini. Tsoho Gado ya yanka mini fili, na sa aka buga tubali, na tada ɗaki biyu, na yi rufin kwano, na shafa wa ƙofa shuɗin fenti don kin taɓa cewa kina son shuɗi. Ban gaya wa kowa ba a gidanku. So nake ki gani kawai ki riƙe baki.

Sauran kin ji shi daga bakin Baffa, amma bari ki ji daga nawa. Ranar Larabar nan da na kai shi, ko ɗakunan bai kalla ba. Ya zagaya bayan gida da sandarsa a wuya, ya duƙa, ya tono tushiyar karan gero a gindin katangata, ya taka gaba ya tono wata, ya sake takawa ya tono wata. Sannan ya tambaye ni, a hankali, ba faɗa, ta ina shanu za su fita in an yi shuka. Na waiga na sake duban filin. Ashe duk filin nan da na gani fetal gonaki ne, gabas da yamma, kudu da arewa. Shanun da suka ruɗe ni baƙin rani ne, masu gonaki suka kira su su ci kara su bar musu taki, kuma tun kafin ruwan farko za su kama gabansu. Da zarar an yi shuka, gero zai tsaya har jikin katangata, ba burtali, ba ko ƴar hanyar da akuya za ta bi. In Ɓale ta miƙa wuya ta tsinki ganye ɗaya, an shiga maganar ɓarna gaban mai gari ke nan. Wurin nan kyan ɗan maciji gare shi, ni kuwa ɗan birni na rungume shi hannu biyu.

An ce matambayi ba ya ɓata. Mi ya hana ni tambaya? Ƙaramin yaro a rugarku ya san abin da ban sani ba, ke kanki da na kai ki sau ɗaya da kin gaya mini tun ban haƙa tushe ba. Goggo ta ce da labarin ya iso miki ba ki yi kuka ba, cewa kawai kika yi Lurwanu ya nemo wa kansa gida. Maganar nan ta fi mari ciwo, don gaskiya ce. Na auna minti nawa ne zuwa buro, na auna litar esans nawa zan zuba wa moto in ƙona a sati, har inuwar da zan riƙa shan shayi na zaɓa, amma ban auna taku nawa saniyarki za ta yi kafin ta samu ciyawa ba. Na ji kunya, Nasiba, kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Baffa ya ce ruwan shuka na sauka za ku tashi arewa, ku wuce Mayahi, sai kaka. In babu inda za a bar shanunki, da su za a tafi, ya kuma san ɗiyarsa, inda suka sa ƙafa nan za ta sa. Wata biyar ke nan, can inda waya ba ta shiga. Yaya zan yi da wata biyar, ni da kwana shida suka mai da ni haka? Kuma ba nisan ne ya fi ba ni tsoro ba. Tsorona ki tafi da wagga maganar a ranki, ki yi ta juya ta a daji har ki dawo kin gama yanke hukunci a kaina.

Tun ranar ban zauna ba. Na sani ba a fafe gora ranar tafiya, amma gorar ke nan gare ni. Ana tashi daga aiki nake hawa moto. Na yi wajen Mayahi, na ga wani wuri a bakin gulbi, goruba jere kamar an dasa, ga fili ga ciyawa, sai dai in na zauna can to ni da aiki sai ranar sallama. Na yi kudu, rairayi ya kada ni sau biyu, salansa, bututun hayaƙin moto, ta ƙona mini ƙwauri. Wannan karon kuwa duk inda na tsaya, makiyaya nake fara nema in gaishe su in tambaya. Su ne suka nuna mini inda zan gaya miki yanzu.

Ba zan yi masa kwalliya ba. Faƙo ne a arewa da Tasawa, kilomita goma sha bakwai, biyar na ƙarshe rairayi ne mai cin taya. Itace ɗaya ne, wata aduwa mai ƙaya wadda inuwarta ba ta kai tabarma ba. Rijiya da ƴar tazara. Sai na fita ana sallame sallar asuba kafin in kai buro a kan lokaci. Amma ƙofar gidan tana kallon burtali, babba, wanda aka kafa wa turakun siminti, kuma yana zarcewa har makiyayar da ba mai noma ta. Na taka shi da ƙafata tun daga fari har inda ya buɗe. Na kai kawunki Isma'il ya gani, shi kuma ya je ya samu Baffa. Baffa ya ce wurin ya yi wa shanu, sauran magana tana bakinki: in kin yarda, a ɗaura aure ranar Juma'a a bar ki da bakwai ɗinki.

Jiya na cire kwanon rufin Garin Gado da ƙofarsa, na ɗora a amalanke na kai can. Magina sun ce ɗaki ɗaya za su iya tadawa kafin ruwa. Ɗaki ɗaya ne, ya abin ƙaunata, ba kyau, ba inuwa, amma wannan karon da idonki na duba shi. Inuwa ni zan dasa miki, in yi ta ban ruwa da hannuna har ta rufe mu.

In kuma zuciyarki ba ta huce ba, ba zan ga laifinki ba. Ni dai can zan tare, da ke ko ba ke. Makiyayan sun gaya mini burtalin nan shi ne wanda kuke bi duk shekara in za ku arewa. Ke nan ko ba ki amsa wasiƙar nan ba, ta ƙofata za ki wuce, kina bayan shanunki, ni kuma ina tsaye. Ba zan tare ki ba, ba zan kira sunanki gaban Baffa ba. Roƙona ɗaya ne, Nasiba: in kin iso, ki tsaya.

Naki, wanda ba shi da wata sai ke, yau da gobe har ranar da ƙasa za ta rufe idonsa,

Lurwanu