Man Fijon Baba

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Yaya Abdulfatah ya zo daga Kano da wasu 'yan gwangwan, suka zagaye Fijon Baba suna ƙwanƙwasa mata jiki kamar za su sayi kankana. Baba na zaune a zaure yana kallo. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya magana, amma ido bai shanye ba. Na ce ba za a sayar ba. Yaya ya ce in ta tashi ta yi tafiya kafin ƙarshen Agusta ya bar ta, in ba haka ba a daddatsa. Shi da aka koya wa tuƙi a cikinta yana ɗan shekara goma sha biyu. Ni kuwa abin da na samu a motar nan shi ne wankin tsummokaranta. "Balkisu, sauka, ba wurin wasanki ba ne." Har yau ina jin muryar Baba.

To me ya sa nake kare ta? Ban sani ba. Wataƙila don in ba su haushi su biyun.

Asabar, 12 ga Yuli

Ta tashi! Sabon batir da filogi kawai. Shekara arba'in tana jigila tsakanin Gumel da Maigatari, shekara biyu a ajiye, ta yi tari sau uku ta kama. Siddiq bakanike ya ce man tukunyar baya ya yi ƙasa, wato tukunyar da ke tsakanin tayoyin baya tana juya su. In sayo man giya a cika. Na je shago na ce a ba ni wanda ya fi kowanne kyau, irin na manyan motocin zamani. Ba zan yi ƙoro a ce mace ce ta yi gyaran ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Raina a ɓace yake. Na wuce da galan ɗin ta gaban Baba, sai ya miƙo hannunsa mai lafiya. Na ɗauka so yake ya gani, har na ji wani sanyi. Ya sa na buɗe, ya kai hanci, sai ya ture shi da ƙarfi har ya zube mini a zane. Ya yi ta buga sanda a ƙasa yana nuna motar yana girgiza kai.

Na gane. Ko a haka, ko da ni ke juya shi a shimfiɗa ina ba shi kunu da cokali, bai yarda in taɓa motarsa ba. Na ce, "Baba, ɗan naka sayar da ita zai yi." Na fita na ce Siddiq ya zuba.

Asabar, 26 ga Yuli

Na ja ta zuwa Gagarawa Tasha na dawo, ni kaɗai. Ban gaya wa Baba ba. Na lura ya daina kallon wajen motar.

Asabar, 2 ga Agusta

Kuka take ta baya, wani irin gurnani, in na ƙara gudu ya ƙaru. Na taɓa tukunyar, ta kusa saɓule mini fata. Siddiq ya ce tsufa ne. Kowa ya rasa abin faɗa sai ya ce tsufa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na lallaɓa da ita Maigatari wurin Malam Ɗantala, tsohon bakaniken Baba, wanda ya koyi aiki a Damagaram. Ranar kasuwa, shanu sun cika hanya. Tun daga nesa ya gane ta, ya taso yana salati. Ya kwance tukunyar, mai ya fito guda-guda kamar madarar da ta tsinke, da wani ƙyalli ruwan zinare a ciki. Ya murza a yatsa. "'Yata, wa ya yi wannan aika-aika?"

Ya ce haƙorin da ke cikin tukunyar irin wannan Fijo na tagulla ne, man zurma take sha, wanda Baba ke sayowa a gwangwani daga Damagaram. Ba ya haɗuwa da man zamani, in sun haɗu sai su tsinke, ƙarfe ya yi ta cin tagulla. Ƙyallin nan haƙorin ne. "Babanki Malam Ilu bai gaya miki ba? Ai shi da hanci yake gane mai."

Ya ɗauko ragowar wani gwangwani ya buɗe. Na kai hanci. Warin tsummokaran nan ne. Shekara nawa ina cuɗa shi a hannuna, na fi kowa a gidanmu sanin warin, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini sunansa. Da ya koya mini ko sau ɗaya. Sau ɗaya!

Juma'a, 8 ga Agusta

Baba ya gaya mini ɗin ai. Da sanda.

Talata, 12 ga Agusta

Malam Ɗantala ya wanke tukunyar sau biyu. Haƙorin ya ciwu, kuma sabo ba a samun sa. Ya ce za ta yi tafiya a hankali, kukan kuwa ba zai daina ba har ta mutu. An jawo ta gida. Ya ba ni gwangwanin ya ce Siddiq ya zuba a gabana. Yaya ya bugo waya, ban ɗauka ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Siddiq na ƙarƙashin mota yana jira, na ce ya dakata. Na kai gwangwanin zaure na durƙusa. Baba ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya gyaɗa kai. Ya riƙe mini wuyan hannu, ya tura gwangwanin zuwa hancina, bai sake ni ba sai da na shaƙa.

Siddiq ya zuba man. Da la'asar muka ɗora Baba a gaba, na ja mu hanyar Sule Tankarkar. Tana ta kukanta. Duk sanda na taka mai sai ya ɗaga yatsa, ni kuma in sassauta. Har yanzu ina jin haushinsa, kada in manta. Shekara talatin ya makara. Na dai ce Siddiq ya bar tsumman, ni zan wanke.