Farin Mayafin Yariela

Guararé, Talata 21 ga Janairu, 1997

Zuwa ga ƙanwata Eneida,

Gaisuwa ta 'yan'uwantaka da kewa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya raba ki da sanyin Brooklyn lafiya, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya kuma sa takardunki su fito ki zo mu gan ki da idonmu. Mu nan lafiya lau. Maigidana Secundino yana nan yana fama da bayansa da kuma bakinsa, bayan ne kawai ke yin sauƙi wani lokaci. Jar saniyarmu ta haifi mace. Yayanmu Arquímedes ya iso tun Lahadi da kaji takwas na farfesun biki, kuma tun da ya zo bai ɗaga ko tsinke ba. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba sai an riga an ɗaura aure ranar Asabar, amma gara ki ji maganar daga bakina kafin hotuna su riga ni.

Eneida, 'yarki Yariela ta gaji taurin kanki kaf, har da ƙari. Kin sani shekara talatin da ɗaya ke nan babu amaryar da ta shiga cocin garin nan ba tare da hannuna ya taɓa kanta ba. Ni ke yin tembeleke, furannin nan masu rawa na adon kai, ni ke jera su a gashi, ni ke kafa mayafi. Yarinyar nan kuwa tun tana shekara shida kika bar min ita, ni na yi mata kitson makaranta, ni na cire mata ƙwarƙwata. Tun ranar da saurayinta Euclides ya fara zaman kunya a barandarmu nake zana kanta a zuciyata. Sai ga shi ranar da aka sa rana ta dube ni ta ce, Inna, ki huta, ni zan yi mayafina da furannina da hannuna. Na ce ke da kika iya riƙe alli kawai? Ta ce ai a gindina ta girma, duk abin da nake yi tana gani. Na ce kyanwar gidan nan ma a gindina ta girma, amma ban taɓa ba ta almakashi ba. Ta yi dariya ta sumbaci goshina, ta kafe a kan bakanta.

Wata biyar na yi ina kallon abin takaici a tsakar gidana. Da ta dawo daga koyarwa sai ta ɗora matashin saƙa a cinya, tana wurga 'yan sandunan zare, tana saƙa leshin da za ta kewaye bakin mayafin. Ba zan yi mata ƙarya ba, hannunta bai yi laifi ba a leshin. Amma furannin, Eneida. Ta sa Secundino ya je bakin teku ya roƙo mata ɓawon manyan kifaye wajen masunta, ta wanke, ta jiƙa, ta shanya, ta yanka su ganye-ganye ta huda, ta ɗaura a waya da 'yan duwatsu. Fure ashirin da huɗu, sha biyu dama sha biyu hagu. Wayar da ake murɗawa a ƙarƙashin fure don ya riƙa rawa in amarya ta motsa, ta murɗe ta tam kamar ƙusa. Na girgiza ɗaya a gabanta, ko gezau. Na ce wannan ai ba tembeleke ba ne, soja ne a faretin gwamna. Ta ce to Inna, ta ji. Ba ta gyara ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne launin. Kin tuna na rubuto miki cewa mai shagon nan ya cuce ki, yadin silikin da kika aiko ba fari ba ne, ya yi rawaya-rawaya kamar tsohon labule? To ɓawon kifin ma haka na gan shi, ya dafe. Kullum sai na ce mata ba ta jiƙa shi yadda ya kamata ba, ita kuma ta ce fari ne tas. Na ce za ta shiga coci da kai ruwan ɗorawa, matan layin gaba su ce 'yar gidan Aminta ce fa, dubi abin da ta sa. Ta ce babu wanda zai ce komai. Na kai ƙara wajen Secundino, ya ce shi ba ruwansa da shari'ar mata, ya ja hularsa ya rufe fuska. Haushi kamar ya kashe ni, a gidan nan an mai da ni rediyon da ba a saurare.

Ranar Larabar da ta wuce, saura kwana goma biki, ta gama komai. Ta ɗinke leshin a bakin mayafin, ta jera furannin a kwali a kan auduga, ta tafi makaranta da safe. Na buɗe kwalin na duba, na ce wallahi ba da ni ba za a yi wannan abin kunya. Na haɗa ruwan bilic mai ƙarfi a kwano na tsoma furannin duka. Mayafin kuma na ɗumama ruwa na jiƙa bula kamar yadda Mama ke yi wa fararen rigunan Baba. Na tsoma na ɗaga, yana nan da rawayarsa. Na ƙara bula. Na sake ƙarawa. Sai a karo na huɗu na ga ya yi haske, fari fat, irin farin da na daɗe ban gani ba. Na shanya shi a igiya a inuwar mangwaro, iska tana kaɗa shi, na tsaya ina yaba kaina. Wajen sha'anin mayafin ne na manta da kwanon furanni har kusan awa uku.

Secundino ya dawo daga wajen shanu, ya tsaya a bakin ƙofa baki sake. Ya ce, Aminta, gidan sauron wa kika rina? Na ce ya buɗe idonsa da kyau, mayafin Yariela ne na fitar wa da fari. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi dai a garinsu wannan shuɗi ake kiransa, irin na rigar 'yan makaranta. Na ce mutumin da ke sa safa ɗaya baƙa ɗaya ja ba shi zai koya min launi ba. Na leƙa katanga na ƙwala wa maƙwabciyarmu Herminia kira ta zo ta raba mu. Ta shigo da hannunta duk ƙullun masara, ta ga mayafin, ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi ba tare da an ba ta wuri ba. Nan jikina ya yi sanyi, na tuna da kwanon. Da na tsamo furannin, ɓawon ya yi laushi ya nannaɗe, ina taɓawa yana marmashewa, wayoyin sun fara tsatsa. A cikin ashirin da huɗu, biyar ne suka tsira.

Na so a ce Yariela ta yi min ihu da ta dawo, da na san yadda zan yi da ita. Sai ta ajiye jakarta, ta kalli igiya, ta kalli kwanon, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ji kukanta, kuma kin san ba mai yawan kuka ba ce. Da ta fito ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ɗauko farar takarda ta tambaye ni wane launi ce. Na ce ruwan madara ce mana, takardun yanzu duk haka suke. Ta ce, Inna, fara ce. Ta ce ciwon yanar ido ne ya rufe min gani, shi ya sa kowane fari nake ganinsa rawaya, kuma ta lura tun bikin 'yar gidan Batista shekara biyu da suka wuce. Wai a furannin da na yi wa yarinyar na gauraya fararen duwatsu da masu ruwan ƙasa, uwar amarya ta karɓa ta yi godiya, ta kai garin Las Tablas aka sake su a ɓoye. Wai amaren da suka biyo baya ma haka aka yi ta yi, a karɓa a gode, a kai a gyara. Ta ce ita ba za ta iya karɓar aikina ta kai wa wata ta warware ba, ba kuma za ta iya faɗa min ba, shi ya sa ta ce za ta yi da kanta.

To yanzu ki gaya min, wa zan fara shaƙewa? Shekara biyu garin nan kaf ya san Aminta ba ta gani, ban da Aminta. Ina shiga coci ina ɗaga kai, ina nuna wa mutane kan amarya ina cewa aikina ne, ashe suna taɓa juna. Herminia da muke cin abinci kwano ɗaya ta sani. Secundino ya sani, da na tsare shi ya ce ya gwada faɗa min sau ɗaya na jefe shi da ludayi, wai yana son ransa. Ke ma na tabbata kin sani, don da na ce an cuce ki a yadin ba ki yi gardama ba, ke da ba a taɓa cewa kin yi sayayyar banza ki yi shiru. Da ɗayanku ya daure ya sha zagina na yini guda, da yarinyar nan ba ta yi asarar wahalar wata biyar ba. Na yi fushi da ku duka, kuma kunyar da nake ji ta fi fushin.

Washegari Secundino ya koma bakin teku da ciwon bayansa ya samo wani ɓawon. Tun daga ranar muke aiki mu uku a baranda. Yariela ke jiƙawa da zaɓen duwatsu, ta hana ni ko kusantar kwanon bilic, har ɓoye shi take yi kamar ina ƙaramar yarinya. Herminia ke yanka. Ni kuma aka bar min waya, don murɗa waya ba ta bukatar ido, yatsuna sun san ta. Na murɗa ta farko na kafa fure na miƙa mata, ta ɗan hura masa iska ya kama rawa. Ta ce ashe dai sojojinta sun cancanci zagi. Na ce a wannan kam ba yana ba ce, gaskiya na faɗa. Yau mun kai sha tara cikin ashirin da huɗun, in Allah ya so jibi mu gama. Mayafin kuwa mun ɗauraye shi sau bakwai, har da ruwan tsami da lemo. Sun ce ya ragu ƙwarai amma bai fita ba, musamman leshin, zaren auduga ya sha bular ya riƙe. Na ce a sayo wani yadin a garin Chitré ko da babu leshi. Ta ce yadin uwarta ne, saƙar hannunta ce, rinin Innarta ne, da shi za ta shiga, wanda bai so ba ya kalli ango.

Jiya Litinin ta ja ni asibiti kamar akuya. Ashe likitocin ido sun zo wannan satin, kuma in sun tafi sai bayan wata shida. Likitan, wani yaro da bai kai Euclides ba, ya haska min fitila ya ce yanar ta nuna, zai iya cire ta a ido ɗaya ranar Laraba. Ya ce kafin Asabar zan ga duniya da launinta na gaskiya, har in yi mamakin yadda fari yake. Yariela ta yi ta murna. Na ce masa na gode, ya rubuta ni a zuwansu na gaba. Tun daga asibiti har gida take min faɗa a mota, wai taurin kai, wai tsoron wuƙa. Na bar ta a kan tsoron wuƙa. Ke kaɗai zan faɗa wa dalilin. In aka buɗe min idon nan gobe, ranar Asabar abin da na yi wa mayafinta zan gani tun daga ƙofar coci har gaban fada mai ɗaura aure. In kuwa na bar shi yadda yake, duk mutanen da za su cika cocin nan ni kaɗai zan ga 'yata ta shigo da farin mayafi. Wata shida ba komai ba ne, na riga na yi shekara biyu a haka.

Secundino yana gaishe ki, ya ce ki aiko masa da man shafawar baya irin na bara. Yaya Arquímedes yana gaisuwa daga kan kujerar da ya mallake. Herminia ta ce in gaishe ki, na gaishe ki ne don ta roƙa, har yanzu ban gama hucewa da ita ba. Euclides da iyayensa suna miƙa gaisuwar girmamawa. Ki gaishe min da 'yar Goggo Dalys da yaranta, ki ce mata katin da ta aiko ya iso. Yariela za ta rubuto miki da kanta bayan biki, ta ce in gaya miki za ta bar kujerarki a layin gaba babu kowa a kai. In hotunan sun iso ki, ki kalla ki yi kukanki ki adana, amma kada ki kuskura ki rubuto min launin da kika gani.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki da ta riƙe miki amana iyakar ganinta,
Aminta