Ƙorafin Marka Kan Kunkurunta Da Aka Kulle A Sito

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci.

Daga Marka, matar marigayi Baƙo,
Unguwar Baƙo, kusa da Gozaki.

22 ga Maris, 1965.

Game da: Kunkurun da aka ara aka ƙi mayarwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, tsohuwar da sunanta ke sama tana kawo kukanta kamar haka:

1. Ran 14 ga Janairu, Malam Mudi malamin gona ya ari kunkurun gidanta don nunin amfanin gona a Malumfashi, da alkawarin kwana uku. Yau sati tara da kwana huɗu ke nan. Sau uku tana takawa da ƙafa zuwa wurinsa, kullum sai ya ce ta yi haƙuri, wai wani babba zai zo ya gani.

2. Ran 18 ga Maris ta leƙa ta gan shi. Yana cikin siton irin auduga, kan siminti, ba taga, kusa da buhunan maganin ƙwari. Wannan dabba, ranka ya daɗe, da hantsi yake rayuwa. Da safe yakan sha rana, in ta yi zafi ya shige raminsa ƙarƙashin rumbu. Ina zai haƙa rami a siminti?

3. Abincinsa harawa ne da ɗanyar ciyawa da ɓawon kabewa. Can kuwa ɗumamen tuwo ake tura masa, da miyar gishiri, har da ƙuliƙuli. Sai ka ce baƙon kasuwa! Idanunsa sun kumbura, ta kira shi bai ko fito da kai ba.

4. An shafa masa jan fenti a baya, an rubuta lamba bakwai. Wa ya ba da izinin haka, don Allah?

5. Mutane na dariya wai tsohuwa na ƙara a kan kunkuru. Su yi ta yi. Baƙo ne ya tsinto shi a gona shekarar da aka kawo ta gidan, bai fi tafin hannu ba. Yakan lafe a rami in rani ya tsananta, ranar da ya fito yana zagaya tsakar gida kuwa, ranar ake gyara sungumi. Shekara talatin da ɗaya gidan bai zuba iri ba sai ya fito. Ga damina ta ƙarato, ramin kuma wayam.

Saboda haka tana roƙon Mai Girma ya ba da umarni a mayar mata da shi cikin satin nan, a goge fentin a hankali, kada a sa kananzir. Ba ta neman a hukunta kowa. In kuwa ya riga ya mutu, a daina ce mata gobe. A ba ta ƙoƙon bayansa ta binne kusa da mai shi.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mai biyayya,
Marka (dangwalen babban yatsa)

Abdussamad mai rubuta wasiƙu ya rubuta daga bakinta, ya karanta mata, ta amince.