Darbejiyar da Ka Sa Aka Sare

Taubashina Habibu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Maradi, ya amarya, ya jikin Gwaggo? Mu nan Zongo gasuwa muke yi.

Tun da ka sa aka sare darbejiyar ƙofar gidanmu don gina shagon kwanonka, Kaka ya rasa inuwa. Jiya bayan azahar zafi ya sumar da shi a kan buzunsa. Likita ya ce in ya sake faɗuwa, sai dai haƙuri. Da ya farfaɗo na ce, "Tsoho, ka fasa tafiyar?" Ya ce sai ya ga idonka tukuna.

Gai da Gwaggo, ku sa shi a addu'a. Kai kuwa kada ka damu, na adana rassan. Sun isa itacen kabari, taka gudummawar ta riga ta kowa.

Naka,
Ilu