Kujerar da Dogo Ya Ƙi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara.

Bayan haka, ɗanki Dogo ya ajiye mini aiki. Na zaunar da shi a ofishin akanta da Baba ya bar mana don ya gaje ni, tunda nawa 'ya'yan babu mai leƙowa. Na ba shi fayil ɗin wani kamfani ya haɗa lissafi. Da na zagayo, sai na tarar da shi da gam da ɗan burushi yana liƙe rasiɗan da suka yage, yana shafa su kamar mai lallashin jariri. Ko lamba ɗaya bai haɗa ba. Wai ɗakin karatu zai koma, gyaran tsofaffin littattafai. Mutum da digirinsa ya ƙare a ɗinkin tsumman takarda.

Ki ja masa kunne. In wata ya ƙare babu kowa a kujerar nan, sayar da ofishin zan yi.

Ki huta lafiya,
Yayanki

Yaya,

Na amsa gaisuwa, a gaida mini uwargidanka Anti.

Wasiƙarka ta iso da zafinta. Na karanta wa Dogo, ya saurara har ƙarshe, ya karɓa ya ɗaga ta a haske, ya ce takardar mai kyau ce amma tawadar ba za ta daɗe ba.

Yaron nan tun yana firamare lissafi ke sa masa zazzaɓi, kai ma ka sani. Amma ka ba shi abu ɗaya a ɗaki shiru, sai ya manta da abinci. Na je wurin aikin nasa. Teburi ne a lungu, da fitila, da hantsaki, da allura da zare. Na zauna har na gaji bai san na shigo ba. Kai da ka tsufa kana ƙirga dukiyar wasu, me ka tara in ban da hawan jini da ƙusumbi? Maganar sayarwa kuwa, tun ina budurwa nake jin ta.

Allah ya ƙara girma,
Auta

Auta,

Gaisuwa a taƙaice.

Ƙusumbin da kike wa dariya shi ya kai ɗanki jami'a. Likita ya ce idona ya kusa daina ganin lamba, wannan ma Anti ce ke rubuta mini. Ba don ki tausaya na faɗa ba. Tausayin uwar mai liƙe-liƙe ba zai amfane ni da komai ba.

Yayanki

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu. Hankalina ya tashi ƙwarai, bakina ne ya yi sauri.

Na roƙi Dogo har da hawaye. Sai ya ce, "Mama, in na hau kujerar nan, da hannuna zan kashe ofishin Kaka." Ya ce duk ranar asibiti shi zai kai ka. Ban iya tilasta shi ba. Don Allah ka ɗan dakata, ko a cikin dangi a samu wani.

Allah ya ba ka lafiya,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Ki ce wa gwanin gam ina da direba.

An sayar. Jiya mai fenti ya zo ya goge sunan Baba daga allon ƙofa. Bai zo da kowa ba, ni na riƙe masa tsani.

Wassalam,
Yayanki