Ƙurar Baranda a Bakin Tilly

Fergus,

Na tafi da Tilly asibiti a ɗebi jininta, daga can gidan Mama za mu wuce.

Fitarka sayo fenti ke nan na shiga ɗora ruwan zafi, ashe ka bar ƙofa a buɗe. Yarinyar nan ta rarrafa har baranda. Sai ihun maƙwabciyarmu Tsohuwa Pappas na ji ta katanga: "Ke Imogen, zo ki ɗauke 'yarki! Wannan miji naki lafiyarsa ƙalau kuwa? Fentin zamanin kakanni yake kankarewa a bushe? Ai dalma ce zalla!" Na tarar da Tilly tana tsotsar yatsu, sun yi fari fat da ƙurar ginshiƙan da ka goge da inji. Tsohuwar ta kawo tsinken gwajin dalma ta goga a ginshiƙi, nan take tsinken ya yi jawur, alamar akwai gubar.

Sau nawa na ce ka gwada kafin ka fara? Ka ce kai da babanka kun gyara baranda uku, ga ku garau. Watanta goma fa, Fergus! Komai ta samu baki take kaiwa.

Kada ka sake kunna injin nan, kada kuma ka yi shara. Ka jiƙa wurin, ka goge da tsumma, kayan jikinka ka tuɓe su a waje. Ba za mu dawo ba sai tsinken ya daina ja.

Zomonta na wasa yana kwance cikin ƙurar. Na san ba ta barci sai da shi. Jefar da shi.

Imogen